Tsanin da ba shi da masauki

'Yan'uwa, matasanmu masu koyon jitar bes a Parakou da Djougou suna ɗaukar darasi daga YouTube, kuma cikin abin da ke burge kunne akwai wani tsanin sauti mai taki shida. A wuyan jitar, gaɓa goma sha biyu ke tsakanin sauti da takwaransa na sama. Wannan tsani yakan raba su daidai wa daida, biyu-biyu har sau shida. Tun da duk takin ɗaya ne, kunne ba ya gane wane sauti ne gida.

Yawancin waƙoƙin da muka gada daga masu goge da garaya suna tafiya ne kan sauti biyar, masu tazara wani wuri gaɓa biyu, wani wuri uku. Wannan rashin daidaito shi ke nuna wa 'yan amshi inda za su sauka. Aikin mai bes ke nan shi ma, ya riƙe tushe, ya ziyarci sautin da ke gaɓa bakwai sama da shi, ya dawo. To, mai tafiya biyu-biyu ba zai taɓa taka gaɓa ta bakwai ba.

Ban ce a guje shi ba. A koye shi, ai ba wuya, iri biyu kacal gare shi. Sai dai yaji ne, kuma ba a tuƙa tuwo da yaji. A sa shi a ɗan taƙi kafin amshi, ya ɗaga hankalin mai sauraro, sannan a komo gida. Ko Debussy na Faransa, da ya gina kiɗansa Voiles, wanda ya fito a 1910, kan wannan tsani, ya dasa sauti guda mai kauri a ƙasa, ya kuma ratsa cikin tsanin sauti biyar a tsakiya.

Muna da abin koyi a kusa. Ƙungiyar Super Borgou ta Parakou, ƙarƙashin Moussa Mama, ta ɗauki kayan kiɗan Turawa ta yi waƙa da Barbanci da Dandanci, har kamfanin Analog Africa ya sake fitar da waƙoƙinta a 2012. Mu da ke 'yan tsiraru a nan, waƙar biki na cikin wuraren da yaranmu ke jin Hausa da karinta. In mai bes ya ɓatar da mawaƙi, har da karin harshen zai tafi.