A Bar Wa Masu Tafiya Ƙasa Lungunan Katsina

Duk wanda ya fito daga Kambarawa da safe ya nufi cikin birni ya san abin da za mu faɗa. Yara 'yan makaranta na rakuɓe jikin bango da jakunkunansu, babura da Keke Napep na rige-rigen wucewa, tsoho kuwa sai ya tsaya ya yi ta jira kafin ya sami ƙetarawa. Mu da aikinmu ya shafi makarantu mun ga wannan har ya ishe mu, don haka muke roƙon a keɓe waɗansu hanyoyi na tsohon birni, a bar su ga masu tafiya ƙasa kaɗai.

Dalilinmu shi ne, waɗanda suka tsara birnin nan sun auna lungunansa da mutum da jaki da doki. Haka Bature Barth ya tarar da shi a 1851. Mota ta shigo ne zamanin Sarki Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma a lokacin 'yan ƙalilan ne. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 abin hawa ya yawaita ƙwarai, amma lungu yana nan yadda kakanni suka bar shi. Ban da hatsarin yara, girgizar manyan motoci tana tsattsaga ginin ƙasa, ga shi kuwa Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka gina ta.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu. Tsohon birnin Fas na Maroko har yanzu jakai da alfadarai ke kai kaya cikin yawancin lungunansa, kasuwa kuma tana ci. A Kofanhegan, babban birnin Danmak, an hana mota bin babbar hanyar kantuna a 1962. 'Yan kasuwa suka yi kuka, suka ce ciniki zai mutu, amma jama'a suka ƙaru, har aka ƙara rufe waɗansu hanyoyin. Ko a nan gida, ranar Hawan Salla ana tsare hanyar Ƙofar Soro domin dawaki, ba wanda ya taɓa cewa gari ya lalace.

Mun san akwai masu ja. Ɗan kasuwa zai ce yaya kayansa za su iso, ɗan acaɓa zai ce ina abincinsa. Maganarsu tana da ƙarfi, ba za mu raina ta ba. Shawararmu a fara da kaɗan: kewayen Gobarau, da hanyoyin da ke bakin makarantun firamare lokacin shiga da tashi. A bar motar kaya ta sauke da sassafe, a yi wa 'yan acaɓa tasha a bakin kowace hanya da aka rufe, motar asibiti da ta kashe gobara kuwa kada a tsare su. Bayan wata shida a zauna da masu unguwa a duba abin da aka samu.

To, malamai da akawuna, ku ne kuka fi kusa da iyayen yara da dagatai. Ku kai maganar nan gaban Ƙaramar Hukuma da Masarauta tun ba a ɗauki wani yaro zuwa asibiti ba. Allah ya kiyaye mana zuriya, amin.