Na'urar Awon Sukari: Ma'auni Ma Yana Bukatar Awo

Maganarmu ta yau a kan wata 'yar na'ura ce da ta shiga gidaje da zauruka da rumfunan kasuwa, watau na'urar awon sukarin jini. Dalilin yawaitarta ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta manya masu wannan cuta sun kai miliyan 537 a shekarar 2021, kuma a 2024 suka kai miliyan 589. A lissafin 2021 ɗin, miliyan 24 a Afirka suke, fiye da rabinsu kuwa ba su san suna da ita ba. Da can alamar da jama'a suka sani ita ce kiyashi su taru a inda mutum ya yi fitsari. Yanzu kuwa ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, kafin ka ƙirga goma lamba ta fito.

To, wannan sauƙi ne babba. Amma kowane ɗan kasuwa ya sani sikeli yakan yi ƙarya ko da mai shi ba ya nufin ha'inci, shi ya sa ake ajiye dutsen awo wanda aka tabbatar da nauyinsa don a riƙa gwada shi. Kuskuren sikelin gyada asarar kuɗi ne, kuskuren wannan ma'auni kuwa yana iya taɓa rai. Kadan ya nuna sukari ya hau alhali bai hau ba, mutum ya ƙara allurar insulin, sai sukarinsa ya faɗi, ya suma. Kadan kuma ya nuna lafiya alhali sukari ya yi sama, sai cutar ta yi ta cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye.

Abu na farko da ya kamata a sani, ko na'urar ƙwarai ba a ce sai ta faɗi daidai wa daida ba. Akwai ƙa'ida ta duniya mai lamba ISO 15197, wadda aka sabunta a 2013. Ta shar'anta cewa a cikin awo 100, aƙalla 95 kada su kauce wa awon asibiti da fiye da kashi 15 cikin 100 idan sukari ya kai 100 ko ya wuce, idan kuma bai kai 100 ba, kada su kauce da fiye da lamba 15. Watau mai sukari 200 na'urarsa tana iya nuna 170 ko 230, ba a ce ta lalace ba. Mai 65 kuwa tana iya nuna masa 80. Saboda haka wanda ya soki yatsa sau biyu a jere ya ga 140 da 150, kada ya jefar da na'urarsa.

Hanyoyin gwada ta guda biyu ne. Ta farko, ruwan gwaji. Wani ruwa ne a 'yar kwalba wanda masu na'urar suka san adadin sukarin da ke cikinsa, shi ne dutsen awonta. Ana ɗiga shi a kan 'yar takardar awo, wadda 'yan kemis ke kira sitirip, maimakon jini. A jikin gwangwanin takardun an buga iyaka, daga lamba kaza zuwa kaza. Idan abin da ya fito yana cikin iyakar, na'ura da takarda suna aiki. A yi wannan duk lokacin da aka buɗe sabon gwangwani, ko na'ura ta faɗi ƙasa, ko ta sha rana, ko lambar ta saɓa wa abin da jiki ke ji. Kowane kamfani da nasa ruwan, na wani ba ya yi wa wani, kuma shi ma yana lalacewa 'yan watanni bayan buɗe shi.

Ta biyu, kuma ita ce mafi ƙarfi, mutum ya ɗauki na'urarsa zuwa asibiti da safe bai ci kome ba. Sa'ad da malamin asibiti ya ɗebi jini daga jijiya, shi ma ya soki yatsa nan take, ya rubuta lambarsa, ya kwatanta da sakamakon ɗakin gwaji. Dalilin rashin cin abinci kuwa, bayan an ci, jinin yatsa yakan fi na jijiya sukari, sai a zargi na'ura a banza. Kwatanta na'urarka da ta maƙwabci ba hujja ba ne, domin ba ka san wadda ta kauce a cikinsu ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa laifin na ajiya ne da na hannu. Yawancin takardun nan an rubuta kada zafin ma'ajinsu ya wuce 30, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura 40. Takardar da ta yini a mota, ko a faranti a rana, ko aka bar gwangwaninta a buɗe da damina, ta tashi daga aiki ko da wa'adinta bai cika ba. Haka wanda ya taɓa dabino ko rake ko mangwaro ya soki yatsa bai wanke ba, zaƙin hannunsa ya auna. A wanke hannu da sabulu, a bushe shi sarai. Har wa yau ƙarancin jini, irin wanda zazzaɓin cizon sauro ko sikila ke kawowa, yana sa wasu na'urori su nuna lamba sama da gaskiya.

Akwai kuma rikicin ma'auni biyu, kamar mudu da tiya. Na'urar Amurka da mg/dL take lissafi, ta Ingila da mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne. Lamba 7 a wannan ita ce 126 a wancan. Wanda aka aiko masa da na'ura daga waje, lalle ya duba da wanne take magana kafin ya kai wa likita labari.

Ga 'yan kasuwa magana ta musamman. Jabun takardun awo ba tatsuniya ba ne, ko a Amurka hukuma ta yi gargaɗi a kansu a 2006. Mai saro su ya nemi lambar rajistar NAFDAC, ya duba wa'adi, ya ajiye su a inuwa. Fasa gwangwani a sayar ɗai-ɗai a leda saboda tsada yana kama da taimako, amma mudu mai huji aka miƙa wa mai ciwo. Araha ba ta ado.

Malamai kuma su ne ake tambaya idan azumi ya zo. Jagorar da likitocin sukari suka fitar a 2016, suka sabunta a 2021, wadda hukumar fatawa ta Masar ta amince da ita, ta bayyana sukar yatsa don awo ba ta karya azumi, kuma mai ciwon ya sha ruwa idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Tun da hukunci ya rataya a kan lamba, to a gwada na'ura tun watan Sha'aban. Kuma wanda ya ji rawar jiki da gumi da jiri, ya sha abu mai zaƙi nan da nan ko da na'ura ta nuna 80, domin mun riga mun ga 80 tana iya zama 65.

Ba mu ce a bar na'ura ba, rashinta ya fi kuskurenta muni. Abin da muke kira shi ne a riƙe ta yadda ake riƙe sikeli: a tsare ta daga rana, a gwada ta, a rubuta lambobinta a kai wa likita, kada a sauya magani da ka. Masu kantin magani su kawo ruwan gwaji tare da takardu, asibitoci kuma su karɓi mai zuwa da na'urarsa don kwatantawa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.