A Koya Wa Ɗaliban Potiskum Sana'ar Ɗaukar Murya

Duk wanda ya san Potiskum ya san ta da kasuwar shanu wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi, da kuma manyan motocin dakon kaya waɗanda ke ratsa hanyoyin Kano da Maiduguri da Bauci da Gombe dare da rana. Waɗannan su ne ginshiƙan arzikin garin tun kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Barno ranar 27 ga Agusta, 1991. To amma akwai wata haja da garin ke saye kullum alhali kuwa bai mai da hankali ga koyon sarrafa ta ba, watau murya: ta talla, da ta sanarwa, da ta wasan kwaikwayon rediyo. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da attajirai da ƙungiyoyin 'yan kasuwar garin za su zuba jari wajen koya wa ɗaliban sakandare da na kwaleji aikin ɗaukar murya da shirya wasan kwaikwayo na rediyo, a matsayin sana'ar neman abinci.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun bayan buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da Duniya Budurwar Wawa, da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi suka riƙa tara jama'a a gindin akwatin rediyo. A wancan zamani gwamnati ce kaɗai mai gidan rediyo, saboda haka ita kaɗai ce mai sayen aikin. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, ita ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Gidan Raypower ya fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta yaɗuwa. Kowace tasha kuwa tana da sa'o'in da tilas ta cika da shirye-shirye a kowace rana, kuma wani ne zai rubuta su, ya ɗauka, ya tace.

Masu sayen wannan aiki a yau sun kasu kashi-kashi. Na farko su ne masu talla, tun daga manyan kamfanonin sadarwa har zuwa mai sayar da takin zamani ko maganin dabbobi. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 2022, hukumar da ke kula da harkar talla a Nijeriya ta hana yin amfani da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallace-tallacen da ake yi wa 'yan ƙasa, abin da ya ƙara wa muryar gida daraja. Na biyu su ne ƙungiyoyin raya ƙasa, waɗanda suka daɗe da gane cewa darasin da aka saƙa cikin labari ya fi shiga kunne. Wasan Gugar Goge da aka watsa a Kano da Kaduna a 2006 kan cutar yoyon fitsari, da Ruwan Dare da ya biyo bayansa, da Gatanan Gatanan Ku na sashen agaji na BBC, duk an kashe kuɗi an biya marubuta da 'yan wasa da masu tace sauti. Na uku su ne sababbin hanyoyi na wayar hannu: fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa irin wadda kamfanin Algaita ya yi suna a kai, da karatun littattafan hikaya da jama'a ke saurare ta YouTube da WhatsApp.

A cikin wannan kasuwa Potiskum tana da abin da Kano da Kaduna ba su da shi. A garin ana magana da Ngizimanci da Bolanci da Karekaranci da Fulatanci, ga kuma Hausa wadda ta haɗa kowa. Hukumar da ke son wayar da kan manoman Fika ko Nangere game da rigakafin dabbobi tana bukatar murya a harshen da tsohuwa a ƙauye za ta fahimta, kuma yaron da ya tashi a garin yana da harsuna biyu ko uku a bakinsa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Abin da ya rage masa shi ne horo. Idan babu horon, kwangilar za ta tafi wani gari, riba kuma ta bi ta.

Jarin da ake bukata bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da kuɗin tirela guda. Ƙaramin ɗaki ne da za a lulluɓe bangonsa da soso domin hana amsa kuwwa, da makirfo biyu ko uku, da kwamfuta, da abin saurare na kunne. Akwai manhajar tace sauti mai suna Audacity wadda ake samu kyauta. Ɗalibi zai koyi rubuta wasa mai tsawon minti 15, da tsayuwa daidai gaban makirfo, da ƙirƙirar ƙarar ƙofa ko takun doki da kayan da ke hannu, da yanke tari da tuntuɓen harshe. Ko da bai zama ma'aikacin rediyo ba, ya koyi kiyaye lokaci da aiki da jama'a da iya magana, waɗanda kowane mai shago ke nema a wurin yaronsa.

Akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjojinsu abin dubawa ne. Wasu iyaye suna ganin wasan kwaikwayo hanyar shashanci ce. Amsarmu ita ce a yi aikin cikin harabar makaranta, ƙarƙashin idon malamai, iyaye su saurari abin da aka ɗauka kafin a watsa shi. Wasan rediyo ma ya fi sauƙin karɓuwa ga 'ya'ya mata, tun da murya kawai ake ji. Wasu kuma suna kawo matsalar wutar lantarki, wadda gaskiya ce, sai dai kayan ɗaukar murya ba su cin wuta sosai, ƙaramin faifan hasken rana da batir sun wadatar. Hujja mafi nauyi ita ce ta biyan kuɗi, domin gidajen rediyo sun saba karɓar kuɗin fili maimakon su sayi shiri. A nan ne ake bukatar ɗan kasuwa, ya ɗauki nauyin shirin ya sa tallarsa a ciki, ya biya yaran da tashar gaba ɗaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bisa ga haka, muna ba da shawarar Kwalejin Ilmi da Fasaha ta Tarayya da ke Potiskum ta zama cibiyar horon, ta horar da malamai waɗanda za su kai aikin makarantun sakandare. Gidan rediyon Sunshine FM na garin da Hukumar Rediyon Jihar Yobe da ke Damaturu su ware fili na mako-mako domin aikin ɗalibai. Ƙungiyoyin dillalan shanu da na hatsi da na masu motocin haya su sayi kayan aiki su kuma zama abokan ciniki na farko, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa kuma su ba da takardar shaida. Wajibi ne kuma kowane aiki ya kasance da yarjejeniya a rubuce bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, don kada a ci gumin yara da sunan koyo.

Potiskum ta ga tashin hankali, daga harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012 zuwa bam ɗin da ya hallaka ɗalibai sama da 40 a makarantar sakandaren kimiyya ranar 10 ga Nuwamba, 2014. 'Yan kasuwar garin sun fi kowa sanin abin da rashin zaman lafiya ya ci musu, sun kuma san cewa matashi mai sana'a ba ya rasa abin da zai kare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗaliban kuwa suna nan cikin aji suna jiran wanda zai fara sayen makirfo.