Ba Lalaci Ke Hana Mutanen Gefen Kano Zaɓe Ba

Duk lokacin da aka gama ƙidayar ƙuri'a, sai masu sharhi a rediyo su ɗauko tsohuwar waƙarsu: wai mutanen unguwannin gefen gari ba su damu da zaɓe ba, 'yan kaɗan ɗin da ke fitowa kuma taliya da atamfa ke fito da su. 'Yan siyasa su ma suna da tasu: wannan ya bugi ƙirji ya ce Kumbotso tasa ce, wancan ya ce Ungogo a aljihunsa take. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba.

Mu duba lissafi. A zaɓen 2023, Kano na da masu rajista kusan miliyan 5.9. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279, Bola Tinubu 517,341. Ko an haɗa da na Atiku da Peter Obi, ba a kai miliyan biyu ba. Wato wanda ya lashe jihar, mutum ɗaya cikin shida na masu rajista ne ya dangwala masa. Da wane bakin za a ce unguwa kaza ta jar hula ce ko ta tsintsiya, alhali mafi yawan mutanenta ba su je rumfa ba? Ba mu san ra'ayinsu ba, ƙiyasi kawai ake yi, ana sayar mana da shi a matsayin ilimi.

Me ya hana su zuwa? A nan ne masu sharhin ke sakin hanya. Su wa ke zaune a Rijiyar Zaki da Bachirawa da Danbare da Mariri da Panshekara? Da yawansu 'ya'yan cikin birni ne, haifaffun Dala da Gwale da Fagge, waɗanda gidan gado ya yi wa kaɗan, ko kuɗin haya ya koro su. Mutum ya yi aure, ya sayi ɗan fili, ya gina ɗaki biyu ya tare. Jikinsa ya koma Ungogo, katin zaɓensa yana ƙofar gidan kakansa. Ranar zaɓe kuma gwamnati ta hana zirga-zirgar ababen hawa. Babu adaidaita sahu, babu bas. Sai ka ce wa mai jego ko dattijo mai ciwon ƙafa ya taka daga Panshekara zuwa cikin ganuwa, ya bi layi a rana, ya sake takowa gida. Idan bai je ba, ka hau rediyo ka kira shi malalaci. Haba malam!

Kada kuma a manta yadda Fabrairun 2023 ta kasance: canjin kuɗi ya sa mutane suna kwana a bakin banki don neman naira dubu biyu. Wanda ya so ya je tsohuwar unguwarsa ya kwana tun jajiberi ma, kuɗin motar ya gagare shi.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Daga 1996 har 2021, rumfunan zaɓe a Najeriya ba su ƙaru ba, suna nan 119,973. Shekara ashirin da biyar ke nan, kuma a cikinsu ne gonakin gefen Kano suka zama gidaje. Da hukumar zaɓe ta INEC ta farka ta mai da su 176,846, rumfa ta matso kusa amma sunayen mutane ba su biyo ta ba, har hukumar da kanta ta sanar cewa rumfuna 240 a faɗin ƙasar ba su da ko mutum ɗaya mai rajista a 2023.

Za a ce ai doka ta ba kowa damar sauya wurin rajista. Gaskiya ne, kuma a nan muna da namu laifin. Wasunmu ma da gangan suke barin katin a can, don a ci gaba da ce musu 'yan birni, ko don ɗan uwa yana takara a mazaɓar. Sai damina ta zo, ruwa ya cinye layi, a tara dattawa a tafi wurin kansila. Shi kuwa ya san sarai babu ƙuri'arku a akwatinsa, zai ba ku ruwan sanyi da alkawari ku dawo.

Amma laifin talaka bai kai na hukuma ba. Hukumar da ta san inda gari ya faɗaɗa, ita ya kamata ta kai teburin sauya rajista ƙofar masallatan Juma'a da kasuwannin waɗannan unguwanni, ta kuma sake duba wannan kulle hanya na ranar zaɓe. Mai karatu, idan ka tare a gefen gari, ciro katinka yau ka duba sunan rumfar da ke jiki. In har sai ka hau mota kafin ka isa can, je ofishin INEC na ƙaramar hukumarka da zarar an buɗe rajista, ka dawo da shi inda kake kwana.