Mai Fuka da Taba Ba Su Gamuwa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san halin Dutse idan hunturu ya kama. Hazo ya rufe duwatsu, ƙura ta tashi, ga ƙaiƙayin gero lokacin sussuka. A ɗakin kwananmu sai ka ji wani na atishawa, wani na tari, wani kuwa fuka ta tasar masa har numfashinsa na fito. Ra'ayina shi ne, duk mai irin wannan lalura ya fi kowa bukatar nisantar taba sigari.

Ga dalilina. A cikin jinin ɗan Adam akwai waɗansu dakaru masu tsaron jiki. Wani iri daga cikinsu likitoci na kiransa IgE, kuma masana a Amurka da Suwidin ne suka gano shi a 1966 da 1967. Aikinsa na asali shi ne yaƙi da tsutsotsin ciki. Amma a jikin waɗansu mutane yakan yi zafin kai, ya auka wa abin da ba shi da laifi, kamar ƙurar ɗaki ko garin fure. Daga nan ne borin jini da yawan atishawa da galibin fuka ke samuwa, hanyoyin iska su kumbura su tsuke.

To, huhun da ke fama da kumburi shekara da shekaru, ina ya ga ƙarfin ɗaukar hayaƙi? Bincike ya nuna cewa mashaya taba sun fi sauran mutane yawan IgE a jini. Bincike da dama kuma sun nuna masu fuka sun ɗara waɗanda ba su da ita haɗarin kamuwa da sankarar huhu. Ita kuwa taba, tun 1950 Doll da Hill suka nuna alaƙarta da wannan cuta a Ingila. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai kusan 70 masu jawo sankara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu taba ce sanadinsu.

Wani zai ce, ai kakansa ya sha taba har ya tsufa. Haka ne, amma don wani ya ƙetare kogi lafiya ba shi ke nuna babu kada a ciki ba. Akwai kuma wani haɗarin: wanda ya saba da tari yakan ce fukarsa ce kawai, ya ƙi zuwa asibiti sai abu ya yi nisa. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini ko rama, a kai shi ga likita, don yana iya zama tarin fuka ko abin da ya fi shi.

Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Ina roƙon masu tebur su ji tsoron Allah, hukuma kuma ta sa ido. Iyayenmu maza, ku daina busa hayaƙi cikin ɗaki inda yara ke kwana. Mu kuma ɗalibai, irin jinin da muke da shi ba mu muka zaɓa ba, amma karan taba mutum da hannunsa yake karɓa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.