Filebon Kek Na Ciki Ne, Ba Na Huhu Ba

Kwanan baya ina zaune a rumfar wata yayata mai sayar da kayan kek da na zoɓo a kasuwar Buza, sai ga wani saurayi da bai wuce shekara 17 ba, ya ce, "Inna, a ba ni filebon banila kwalba uku." Ta ce, "Ɗana, biki ake yi a gidanku?" Ya yi dariya, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar biro daga aljihu, wato sigarin lantarkin nan da ake caji ana zuƙar tururinta. Ya ce ruwanta na kanti ya yi tsada, shi ya sa shi da abokansa suke haɗa nasu. Nan take Yaya ta mayar da kwalabenta, ta miƙa masa kuɗinsa. Maƙwabciyarta ta ce wauta ce korar ciniki da farar safiya. Ni kuwa na ce ta yi daidai, kuma ga dalilaina.

Da farko mu san abin da muke sayarwa. Banila ta asali 'ya'yan wata shuka ce da akasarinta ake nomawa a tsibirin Madagaska, tana da tsadar gaske. Wadda ke cikin ƙananan kwalaben da muke sarowa, yawanci sinadari ne da aka haɗa a masana'anta daga sinadaran man fetur ko daga itacen da ake yin takarda. Wannan ba aibi ba ne, domin an yarda a ɗiga shi a kek da cincin da kunun aya. To amma izinin na ci ne da sha. Abin da ya shiga ciki, hanji da hanta za su tace shi. Wanda aka ƙona aka zuƙa kuwa kai tsaye yake sauka cikin huhu, inda babu mai tacewa.

Turawa sun riga mu ɗanɗana kuɗar abin. A shekarar 2000, a jihar Misuri ta Amurka, an gano ma'aikatan wata masana'antar gugguru da hanyoyin iskar huhunsu suka toshe, saboda shaƙar sinadarin da ke ba gugguru ƙamshin man shanu, alhali masu cin guggurun lafiyarsu lau. A 2018 masu bincike na Jami'ar Yel suka nuna cewa sinadarin banila, idan ya gauraya da ruwan sigarin lantarki, yakan rikiɗa tun cikin kwalba ya haifar da wasu sinadarai masu fusata maƙogwaro da huhu. Sannan daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, an kwantar da mutum 2,807 a asibitocin Amurka, 68 suka mutu, galibinsu saboda zuƙar ruwan wiwi haɗin bayan fage da aka surka da man bitamin E, man da mata ke shafawa ba tare da wata illa ba.

Idan ƙasa mai manyan asibitoci ta yi wannan asara, yaya yaron da numfashi ya sarƙe masa da tsakar dare a wani ƙauyen Buza ko Keita, wanda sai an nemi mota an kai shi Tawa ko Galmi? Ga kuma wani haɗarin da ya shafi iyaye mata: ruwan da ke da nikotin guba ne ga ƙaramin yaro, kuma kwalbar da ke ƙamshin kek ita yaro zai fara kai wa baki.

Na san wani zai ce ai an ce sigarin lantarki ta fi taba sauƙin illa. Gaskiya ne likitocin Ingila sun faɗi haka, amma suna magana ne kan babban mutum mai son barin taba, da ruwan da hukuma ta tantance, ba ɗan makarantar da ya dama nasa a ɗakin samari ba. Wata kuma za ta ce, "In ban sayar ba, wata za ta sayar." Shi ya sa nake kira ga shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata na Buza da Madawa da Keita su haɗa baki, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nijar na da dokar yaƙi da taba tun 2006, Mali kuma ta haramta shisha a 2022, amma doka ba ta zama a rumfa, mu ne ke zama. Mun san mai soya cincin, mun san yarinyar da aka aiko. Wanda ba mu gane masa ba, mu tambaye shi kamar yadda Yaya ta yi. Ribar kwalba uku 'yan daloli ce, ba ta kai kuɗin motar kai mara lafiya ba, kuma yaron da aka hana yau wataƙila ɗan ƙanwarki ne. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuri'a.