Wa Ya Ce Taura Biyu Ba Ta Taunuwa?

Zan faɗi ra'ayina tun farko don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye. Idan ɗalibi mai tsaron baya a ƙwallon jami'o'in Amurka yana da baiwar kai hari, kuma shi da bakinsa ya ce yana so, to a bar shi ya buga gaba da baya. Masu hana shi suna cewa wai tausayinsa suke ji. Ni kuwa da na duba wa ke cin riba wa ke asara a wannan hani, sai na ga tausayin nan da sauran magana a cikinsa.

Bari in warware wa wanda bai san wasan ba, don ba irin ƙwallon da muke bugawa a filin unguwa ba ce. Tasu doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake rungumarta a ruga ko a jefa, ƴan wasa na sanye da hular kwano da sulke suna karo kamar raguna. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, wajen mita 9 ke nan, in suka kai ta ƙarshen fili sun samu maki 6. Abin da zai ba ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram mamaki shi ne ƙungiya ɗaya runduna biyu gare ta. Da ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, duk ƴan gaba 11 sai su fita su zauna, wasu 11 dabam, ƴan baya, su shigo. Da a can Achraf Hakimi yake, da an ce masa: kai aikinka tarewa, in mun karɓi ƙwallo je ka zauna a benci ka yi kallo. Ɗan baya na iya shekara huɗu a jami'a hannunsa bai taɓa ƙwallo ba, sai in ya fizge ta a iska ko ta suɓuce wa wani.

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce wai haka wasan yake. Yo tun yaushe? Shekaru da dama mutum ɗaya ne ke buga gaba da baya, don doka ba ta yarda a yi ta sauya ƴan wasa ba. Sai a 1941, lokacin da yaƙin duniya na biyu ke kwashe samari, aka sassauta dokar. A 1945 mai horar da jami'ar Mishigan, Fritz Crisler, ya ga yaransa ba za su iya da ƙartin makarantar soja ba, sai ya raba su gida biyu don su riƙa hutawa. A 1953 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta sake ɗaure dokar, aka koma buga duka biyu. Sai 1965 aka sake ta gaba ɗaya. Ka ga ashe rabon nan dabara ce ta masu horarwa, mutane suka zauna suka tsara, suka warware, suka sake tsarawa. Abin dariya ma, kyautar da ake ba ɗan baya mafi ƙwarewa a jami'o'in Amurka sunan Chuck Bednarik gare ta, mutumin da a 1960, yana da shekara 35, ya buga gaba da baya kusan minti sittin cur har ƙungiyarsa ta Filadelfiya ta ci kofi. Ana raba kyauta da sunansa, ana hana yara yin abin da ya sa aka san shi.

Yanzu mu zo kan abin da ɗan baya ke rasawa in aka tsare shi a baya. Babbar kyautar ƙwallon jami'o'i ita ce Heisman, tun 1935 ake ba da ita, kuma a baki cewa ake yi ta ɗan wasan da ya fi kowa ce. A aikace ta masu jifa ce da masu ruga da ƙwallo. A 2009 Ndamukong Suh na jami'ar Nebraska ya addabi duk wanda ya tsaya gabansa, aka ba shi na huɗu. Manti Te'o a 2012 ya zo na biyu, Aidan Hutchinson a 2021 shi ma na biyu. Tun da aka raba runduna a 1965, ƴan baya biyu rak suka ɗauki kyautar: Charles Woodson na Mishigan a 1997, da Travis Hunter na Kolorado a 2024. Mi ya haɗa su? Dukansu an bar su sun tsallaka sun cafke ƙwallo a gaba. Woodson har Peyton Manning ya kayar a ƙuri'a, amma wallahi da tsaro kaɗai ya yi, da wuya masu zaɓe su waiwaye shi.

Hunter kuwa, a kakar 2024 ya cafke ƙwallo sau 96, ya ci yadi 1,258, ya kai ta gida sau 15 ta hanyar cafka, sannan a baya ya fizge ta abokan karawa sau 4. A shekara guda ya ɗauki kyautar Bednarik ta ƴan baya da kyautar Biletnikoff ta masu cafka. Ya shiga karo fiye da 1,300, kusan ninkin abin da ɗan wasa mai aiki ɗaya ke yi, kuma rabin wasannin a garin Boulder, inda fili ke kan tudu sama da mita 1,600, iska ba ta cika huhu. Jami'ar da ta ci wasa 1 tak cikin 12 a 2022, a 2024 ta ci 9. Duk wanda ya ce ba ya yiwuwa, ga shi an yi a gaban idon kowa.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda masu tausayi ba sa son a taɓo. A gasar ƙwararru ta NFL, a 2025, mai cafka Ja'Marr Chase ya sa hannu a kwangilar da ta kai dala miliyan 40 a shekara. Mai tsaron gefe da ya fi kowa albashi a wannan shekara, Ahmad Gardner, dala miliyan 30 ya samu. Tazarar miliyan 10 ke nan, fiye da miliyar 5 na kuɗin sefa, duk shekara. Mai tsaron gefe shi ne ke bin mai cafka ƙafa da ƙafa, gudunsu ɗaya, tsallensu ɗaya, shi ma da baya da baya yake fara nasa gudun. To yaron da mai horarwa ya dube shi yana shekara 18 ya ce kai ɗan baya ne, an yanke masa farashi tun bai buɗe baki ba. In yana iya duka biyun, don mi ba za a bar shi ya baje hajarsa kasuwa ta taya ba?

Na san babbar hujjarsu, kuma ba zan yi kamar ban ji ba: rauni. Wasan nan na ƙarya ƙashi, na girgiza ƙwaƙwalwa, kuma duk karon da aka ƙara wa mutum an ƙara masa haɗari. Jiki magayi. A watan Satumba na 2023, a wasa da jami'ar jihar Kolorado, Hunter na gaba yana neman cafka wani ya banke shi bayan ƙwallo ta wuce, hantarsa ta tsage, ya rasa wasa uku. Da yana benci a lokacin, da bai same shi ba. A kakarsa ta farko a NFL, bayan ƙungiyar Jacksonville ta ɗauke shi na biyu a zaɓen 2025, ya ji ciwo a gwiwa wurin atisaye, aka yi masa tiyata, kakar ta ƙare masa. Myles Jack na jami'ar UCLA, wanda a 2013 ya yi tsaro ya kuma ruga da ƙwallo, shi ma gwiwa ta kama shi a 2015, ya faɗo zagaye na biyu a zaɓen 2016. Duk gaskiya ne.

Amma a dubi ɗaya gefen. A wannan zaɓe na 2016, Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame shi ma zagaye na biyu ya faɗo, saboda gwiwarsa ta lalace a wasansa na ƙarshe a jami'a, shi kuwa tsaro ne aikinsa. Woodson da ya buga duka biyun ya yi kaka 18 a NFL. Champ Bailey na jami'ar Jojiya, wanda a 1998 ya yi tsaro, ya yi cafka, ya shiga karo fiye da 900, ya yi kaka 15. Dukansu biyu suna cikin zauren gwaraza na ƙwallon Amurka. Ni ban ce haɗari bai ƙaru ba, ya ƙaru. Abin da nake tambaya shi ne wa ke da ikon auna shi. Mutum ne baligi, an yarda ya shiga soja, an yarda ya jefa ƙuri'a, an kuma yarda ya sa kansa cikin wasan da kowa ya san yana lalata jiki. An bar shi ya yi karo 60 a rana guda, ba wanda ya ce uffan, sai da ya nemi ƙarin da zai ɗaga sunansa aka tuna da hantarsa. Haba!

Sai a tambaya, jikin wa ake tattalawa, kuma don wa? Dokar NFL ta ce sai mutum ya shekara uku da gama sakandare kafin a ɗauke shi. Shekarun nan uku, attajiran ƙungiyoyi 32 so suke a ajiye musu kaya ba tare da ƙwarzane ba, kuma a ajiye shi a gurbi guda da suka san farashinsa. Mai horarwa shi ma ya fi samun barci in kowa na gurbinsa, don in yaro ya ji ciwo a gaba, shi ƴan jarida za su tsare. Alhali cikin ɗaliban da ke buga wannan ƙwallo, waɗanda NFL ke ɗauka ba su kai 2 cikin 100 ba. Ga mafi yawansu jami'a ce farko, ita ce ƙarshe. In ka ce wa irin wannan yaro ya adana ƙarfinsa don gobe, wace goben?

Wasu kuma na cewa mai aiki biyu ba ya ƙwarewa a ko ɗaya, sannan yana cinye gurbin wani. Ta farko, fili ne alƙali. In yaro ya tsallaka gaba ƙwallo na zamewa daga hannunsa, ko ya gaji har ana wuce shi a baya, a mayar da shi, ba gardama. Ban ce kowane ɗan baya a tura shi gaba ba, irin waɗannan yara a shekara goma ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ta biyu kuwa, wanda aka cinye wa gurbi ina jin zafinsa, amma tun da aka fara wasa wanda ya fi iyawa ke shiga. Ba a taɓa zaunar da mai jifa gwani don na bayansa ya ji daɗi ba.

Sai dai akwai inda zan juya in fuskanci waɗanda ke gefena, masu tafi da ihu. Yarda ba ta nufin a mai da yaro jakin kowa. Shekaru da yawa jami'o'i na tara miliyoyi daga tikiti da talabijin, masu horarwa na kwasar albashi, ɗalibi kuwa daga kuɗin karatu sai ɗaki da abinci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a watan Yuli na 2021 aka yarda ɗalibi ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa, sai kuma 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa ƴan wasanta har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekara. To tunda ƙofa ta buɗe, mai aikin mutum biyu a ba shi kason da ya dace da aikin. A yi masa inshorar rauni tun wasan farko, irin wadda Kolorado ta yi wa Hunter kafin wasansa na ƙarshe a watan Disamba na 2024. A ƙidaya karonsa, a rage masa atisaye a farkon mako, likitan da ke duba shi kuma kada ya zama mai tsoron koci. Ranar da ya ce ya gaji, ya koma aiki ɗaya ba tare da an taɓa kuɗin karatunsa ba. In babu waɗannan, to ni ma ina cikin masu cewa a'a, don wancan ba dama aka ba shi ba, tatsarsa ake yi.

Wani zai ce mi ya dame mu da ƙwallon da ko tashar da ke nuna ta da wuya mu kama. Ni dai na san mu ɗalibai ne, kuma mun san yadda ake yi a lise: a dubi makin yaro na shekara guda a ce kai seri A, kai seri D, shi ke nan an shata masa hanya, wanda ya iya lissafi ya kuma iya alƙalami sai ya zaɓi wanda zai binne. Su ma masu rabon cewa suke yi don amfaninmu ne. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuwa sauƙin aikinsu suke nema.

Deion Sanders, wanda ya horar da Hunter tun a jami'ar Jackson State kafin su koma Kolorado tare, shi kansa ɗan baya ne da ya yi cafka a ƙungiyar Dallas, don haka bai tsorata ba da yaron ya ce zai iya. Masu horarwa nawa ne aka kawo musu irin wannan yaro suka ce taura biyu ba ta taunuwa, suka zaunar da shi, ba wanda ya ji labari? Karin maganar gaskiya ce ga yawancin bakuna. Amma mai haƙori shi ya san ƙarfin haƙorinsa. A miƙa masa taurar, a tsaya kusa da ruwa da magani, in ya kasa ya tofar da ɗaya.